Wasan bidiyo da adabi: ta ina ɗalibin mastar zai kama?

Wani ɗalibi a nan Damagaram ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina shekara ta biyu ta mastar a fannin adabi. Tun ina ƙarami nake buga wasannin bidiyo, kuma ina son memuwar ɗina, wato kundin bincikena na kammala karatu, ya haɗa su da adabi. Abokaina sun ce juri, malaman da za su zauna su tantance shi, ba za su ɗauki aikin da daraja ba, ni kuma na rasa ta inda zan kama. Wane batu zan zaɓa?"

Ƙanena, bari in fara cire maka fargabar juri, don ita ce mafi sauƙi. Fannin da kake son shiga ya girme ka. A 1997 Espen Aarseth, wani masani ɗan Norwe, ya fitar da littafinsa Cybertext, inda ya yi bayanin irin rubutun da ba ya karantuwa sai mai karatu ya yi wani aiki da hannunsa, ya zaɓi hanya, ya buɗe ƙofa, ya koma baya. A shekarar ce kuma Janet Murray ta fitar da Hamlet on the Holodeck a Amurka. Mujallar Game Studies ta fara fitowa a 2001, kuma a intanet take, kyauta. Da Faransanci akwai mujallar Sciences du jeu, ita ma a buɗe take ga kowa. Kafin duk waɗannan, Johan Huizinga ya rubuta Homo Ludens a 1938, Roger Caillois ya rubuta Les jeux et les hommes a 1958, kuma babu malamin adabin da zai ce bai san sunayen nan biyu ba. Saboda haka idan juri sun ƙi aikinka, kalmar "wasa" ba za ta zama dalili ba. Abin da ke kayar da irin wannan memuwar shi ne faɗi ba zurfi, kuma a kan shi nake son mu daɗe.

"Wasan bidiyo da adabi" fage ne, kamar ka ce "noma a Nijar". Ba a kare memuwar a kan fage. Abin da kake bukata wasa ɗaya ne, ko biyu in ya yi yawa, da rubutu ɗaya ko labarin baka ɗaya da ka sani ciki da bai, da tambaya guda wadda ba za ta amsu ba sai an ajiye su gefe da gefe. Kuma a ganina tambayar da ta fi cancanta a ɓata wata shida a kanta ita ce: me ke faruwa da labari idan aka miƙa wa mai sauraro linzaminsa?

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan tambaya shi ne kuskuren da na fi gani. Ɗalibi zai ɗauki wasa, ya taƙaita labarinsa, ya jera taurarinsa, ya fito da jigo da salo kamar yadda aka koya masa a kan ƙagaggen labari, ya rufe. Da a ce labarin nan a fim yake ko a littafi, da ba abin da zai canza a memuwar ɗin. To ina amfanin cewa wasa ne? Masana sun yi shekaru suna jayayya a kan wannan tun ƙarshen shekarun 1990, wasu na cewa wasa labari ne a sabuwar riga, wasu irin su Gonzalo Frasca da Jesper Juul na cewa a fara duba dokokin wasan, abin da aka yarje maka da abin da aka hana ka. Ka ba wannan muhawara shafi uku ko huɗu a babin farko, ka wuce. Kada ka mai da ita batunka, an riga an tatse ta. Abin da za ka ɗauka daga cikinta shi ne cewa doka ma tana magana. Wasan da ba ya barinka ka ci gaba sai ka harbi mutum ya faɗi wani abu a kan duniya, ko da babu tauraron da ya buɗe baki.

Yanzu ga inda nake ganin kana da abin da ɗalibin Paris ko Montreyal ba shi da shi. Ka tuna tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, wadda ake tura yarinya wankin ƙirgi a Ruwan Bagaja. A yadda na ji ta a bakin kakata, 'yar bora ta kama hanya, tana cin karo da koguna na abinci iri-iri, kowanne ya yi mata tayi ta ƙi ci. Ta isa gidan da ta tarar da cinya da kare, ta gaishe su da ladabi ba ta yi dariya ba. Aka ba ta zaɓin ƙwai, ta ɗauki ƙaramin, ta fasa shi inda aka ce ta fasa, ta koma gida da dawaki da dukiya. Sai mowa ta tura tata 'yar. Hanya ɗaya, koguna ɗaya, gida ɗaya, ƙwai ɗaya, amma a kowace mararraba ta zaɓi kishiyar abin da 'yar'uwarta ta zaɓa, ta dawo da abin kunya. Ka dubi ginin nan da idon mai buga wasa. Mataki ɗaya ne aka buga sau biyu, an nuna maka ƙarshe mai kyau da ƙarshe maras kyau, kuma an nuna maka daidai wuraren da hanya ta rabu. Kakanninmu sun san labari mai rassa. Bambancin kawai shi ne a tatsuniya mai ba da labari ce ke riƙe da rassan duka biyu, tana bi da kai ta kowanne, don ka ga sakamakon ladabi da na rashin kunya ba tare da ka ɗanɗana ba. A wasa kuwa kai ne za ka miƙa hannu ga ƙwan.

Daga nan tambayoyi masu nauyi suke fitowa. Idan yaro ya san ƙaramin ƙwai ne ke kawo dukiya, ya zaɓe shi don ya ci wasan, shin ladabi ya koya ko wayo? Tarbiyyar da ke cikin tatsuniya tana rayuwa idan ana iya komawa baya a sake zaɓe? Waƙar da yarinyar ke rerawa a bakin kowane kogi, wadda masu sauraro kan amsa, ina za ta zauna a cikin wasa? Kuma ita tatsuniya tun asali ba ta taɓa zama ta mutum ɗaya ba: sai an ce "ga ta nan, ga ta nanku", an amsa, sannan ta fara. Mai sauraro na da hannu a ciki tun daga ƙofa. Memuwar da zai auna wannan hannu da hannun mai riƙe da waya ko madannin wasa, memuwar ne na adabi tsantsa, kuma kayan aikinsa suna nan: Vladimir Propp da matakai 31 da ya ce tatsuniya ke bi, tun 1928, tsarin Greimas na mai nema da abin nema da mataimaki da abokin gaba, da Gérard Genette a kan murya da lokaci. Ga kuma tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da na Ibrahim Yaro Yahaya, ga tsofaffin unguwannin Birni da Zango da za ka zauna da su ka naɗi tasu sigar. Da ni ne kai, wannan zan ɗauka. Kana iya ajiye ta kusa da Never Alone, wasan da ya fito a 2014, wanda aka gina a kan wata tatsuniyar mutanen Inupiyat na Alaska tare da dattawansu, har muryar mai ba da labarin da harshensu take. Ka ga yadda wasu suka yi da nasu gadon, abin da suka riƙe da abin da ya zube a hanya.

Idan kuma hankalinka ya fi karkata ga tarihi da labaran jarumai, akwai hanya ta biyu. A 2015 aka ƙara wa wasan Age of Empires II wani kashi mai suna The African Kingdoms, a cikinsa akwai yaƙe-yaƙen Sunjata, wanda ya kafa daular Mali. Ka ajiye shi kusa da littafin Djibril Tamsir Niane na 1960 a kan Sunjata, wanda kusan duk wanda ya yi lakwal a ƙasashenmu ya taɓa riƙewa. A bakin maroƙa, zuciyar labarin tana cikin shekarun da Sunjata ya yi yana jan gindi, da gorin da aka yi wa mahaifiyarsa Sogolon a kan ganyen kuka, da ranar da ya dafa sandar ƙarfe ya miƙe. Kuma tun kafin a haife shi an riga an faɗi abin da zai zama. Shi kuwa wasan, aikinka a ciki shi ne tara itace da zinariya da abinci da dutse, ka gina, ka tara runduna. Ka je ka duba ina aka ajiye shekarun rarrafen. Ka tambayi kanka yadda ƙaddara take zama a wasan da za a iya kashe jarumin a ce maka sake gwadawa. Akwai ma wanda ya fi kusa da gida: a 2021 aka sa Hausawa cikin al'ummomin da ake iya bugawa da su a Age of Empires III, da mahayan lifidi da Sarauniya Amina, sannan Amina ta sake fitowa cikin shugabannin wasan Civilization VII a 2025. Wace Amina ce wannan, ta Tarihin Kano, ko ta kirari da waƙa, ko wata ce aka ƙera don kasuwar duniya? Ɗalibin da ke jin Hausa kuma ya tashi yana ganin hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram zai ga abubuwan da wani mai nazari daga nesa ba zai gani ba.

Hanya ta uku ta fi nauyi a zuciya, kuma ina faɗinta ne domin ƙasar nan ta shafa. A 1899 labarin Joseph Conrad, Heart of Darkness, ya fara fitowa a wata mujalla a Birtaniya. A wannan shekarar ce ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa yana ƙona garuruwa, ya yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ya yi ɓarna a Birnin Ƙonni, har sojojinsu suka kashe su biyun a wajen Maijirgi kusa da Tasawa, sauran ayarin suka ƙaraso Damagaram. Wasan Spec Ops: The Line na 2012 ya ɗauki ƙashin bayan labarin Conrad ya kai shi Dubai da rairayi ya binne, ya sa ka cikin rigar hafsan da ya zo ceto ya koma mai kisa, har ya sa ka aikata abin da za ka yi nadama da hannunka. Far Cry 2 na 2008 ya kai ka wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba, zazzaɓin cizon sauro na kama ka kana neman magani. Chinua Achebe ya riga ya tuhumi Conrad a laccarsa ta 1975 cewa ya mai da Afirka labule kawai, wanda Bature ke tsayawa a gabansa yana fama da ransa. Shin wasannin nan sun gyara wannan ko sun maimaita shi? Ka kawo littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, wanda ya ba da labarin daga ɓangaren waɗanda aka zo ƙonawa, ka tambaya: a wasa, wa aka ba bindiga, wa aka hana ko da suna? Sai dai wannan batu yana son Turanci mai ƙarfi da kwamfuta mai ƙarfi, kuma wasannin cike suke da zubar da jini. Ka auna kanka.

Maganar kwamfuta ta kawo ni kan abin da ɗalibai ba sa son ji. Kada ka zaɓi wasan da ba za ka iya bugawa daga farko har ƙarshe ba, sau biyu aƙalla. Na taɓa zama a jurin wani yaro mai hazaƙa da ya rubuta shafi sama da ɗari a kan wani babban wasa da aka ɗauko daga littafi. Rubutunsa ya yi kyau ƙwarai. Da aka tambaye shi me ke faruwa idan mai wasa ya ƙi taimakon wata tauraruwa a tsakiyar labarin, sai ya yi shiru. Ashe na'urarsa ba ta ɗauki wasan ba, a YouTube ya kalli wani yana bugawa, hanya ɗaya tak ya gani. Abin ya dame ni har yau, domin da an gaya masa tun farko da ya zaɓi abin da ya fi ƙarfinsa kaɗan, ba da yawa ba. The Witcher 3, wanda aka gina a kan littattafan Andrzej Sapkowski na Folan, misali ne mai kyau na adabi da ya koma wasa, amma yana cin awoyi masu yawan gaske, yana son na'ura mai tsada, kuma an yi rubutu a kansa har an gaji. Ka lissafa wutar da ke zuwa tana ɗaukewa a watannin zafi, ka lissafa kuɗin intanet na sauke wasa mai nauyi. Akwai wasanni masu daraja da ke tafiya a waya ko ƙaramar kwamfuta. 80 Days na 2014, wanda Meg Jayanth ta rubuta daga labarin Jules Verne na zagaya duniya a kwana 80, kusan duk rubutu ne da zaɓi, kuma ya juya labarin ya ba mutanen ƙasashen da ake ratsawa bakin magana. Aurion, na kamfanin Kiro'o Games na Kamaru, ya fito a 2016. A nan gida ma an yi Les Héros du Sahel, wanda ya samo asali daga labarin zane. Wasa irin wannan yana da wata fa'ida: masu yinsa ba su yi nisa ba, kana iya rubuta musu ka nemi hira.

Wasu za su ce maka ka yi nazarin yaran da ke cika ɗakunan wasa a unguwanni suna buga ƙwallo a PlayStation, ko masu Free Fire a waya. Akwai abin nazari a wurin, musamman kirari da zambo da habaicin da suke jifan juna da su, waɗanda in ka saurara da kyau za ka ji ƙanshin kirarin 'yan kokowa. Amma ka sani wannan ya fi kusa da nazarin harshe da zamantakewa, yana son fita fili, da naɗar murya, da izinin iyaye idan yara ne ƙanana, da ɓoye sunayensu. Taura biyu ba ta taunuwa. Ko ka nazarci wasan a matsayin rubutu, ko ka nazarci masu buga shi. Haka nan wasan kara namu na Damagaram, inda talaka ke shiga rigar mai mulki ya kwaikwaye shi a bainar jama'a, ya dace sosai da abin da Caillois ya kira wasan kwaikwayo da shiga rigar wani, kuma zai ƙawata babinka na farko. Ka ambace shi ka wuce, kada ya janye ka daga hanya.

Akwai kuma zaɓin ka gina ɗan ƙaramin wasa da kanka. Manhajar Twine, wadda ta fito a 2009, kyauta ce, ba ta bukatar ka iya rubuta lambobin kwamfuta, kuma cikin mako biyu za ka iya mai da tatsuniyar 'yar bora labari mai rassa da Hausa, ka ba mutum goma su buga, ka rubuta inda suka tsaya da abin da suka zaɓa. Ina son wannan ƙwarai, domin duk matsalar da za ka yi shafi goma kana bayani, hannunka zai ci karo da ita a rana ɗaya. Sai dai ka tambayi sashenku tun yanzu ko suna karɓar aikin da ya haɗa nazari da ƙirƙira. Idan ba su saba ba, ka sa shi a rataye, nazarin ya tsaya da ƙafarsa. Kuma ka tsaya a kan tatsuniya, wadda ta kowa ce. Littafin da ke da marubuci yana da haƙƙin mallaka.

Kan yadda za ka kafa hujja, wasa ba shi da lambar shafi, don haka kai ne za ka ƙirƙiro masa. Ka buɗe littafin rubutu na musamman. Duk zaman da ka yi, ka rubuta kwanan wata, da sigar wasan, da na'urar, da harshen da ka sa shi, da babi ko matakin da kake, da zaɓin da ka yi, da abin da ya biyo baya. Ka ɗauki hoton allo, ka naɗi wuraren da za ka yi sharhi a kansu, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Idan za ka kawo tatsuniya daga bakin tsohuwa, ka rubuta ta da Hausa yadda ta faɗe ta, da karin harshenta na Damagaram, kada ka gyara mata zuwa Hausar littafi, sannan ka sa fassarar Faransanci a gefe. Juri za su yafe maka ra'ayin da ba su yarda da shi ba, amma ba za su yafe maganar da ba su da hanyar bin sawunta ba.

Saura malamin da zai duba aikin. Ba lalle ne ka sami wanda ya taɓa riƙe madannin wasa ba, kuma ba shi kake bukata ba. Ka nemi wanda ya ƙware a adabin baka, ko adabin kwatance, ko nazarin labari, wanda kuma yake karanta abin da aka kai masa. Kada ka shiga ofishinsa ka ce kana son yin aiki a kan wasannin bidiyo. Ka ce masa kana son nazarin yadda zaɓi da sakamako suke aiki a tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa idan aka kwatanta da labari mai rassa na zamani. Ka tafi da kwamfutarka, ka nuna masa minti goma na wasan, ka bar shi ya zaɓi hanya da hannunsa sau ɗaya. Jami'ar garin nan sunan André Salifou take ɗauke da shi, mutumin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a matsayin bincike, ya kuma ɗauki labarin Tanimun, Sarkin Damagaram, ya mai da shi wasan kwaikwayo. Fitar da labari daga wata riga zuwa wata ba baƙon abu ba ne a gidan nan.

Kafin ƙarshen watan nan, ka rubuta shafi ɗaya kawai: sunan wasan, sunan rubutun ko tatsuniyar, tambayarka a jimla guda da alamar tambaya a ƙarshenta, wurare uku a cikin wasan da za ka yi sharhi a kansu, da awoyin da wasan zai ci a na'urar da kake da ita yanzu. Idan jimlar tambayar ta ƙi fitowa, ka sake buga wasan da alƙalami a hannu, ka lura da inda ka tsaya kana jinkirin zaɓe. Ka aiko mini da shafin in duba kafin ka kai wa malaminka.